Yadda ake shirya kai iyali wasan zamiya a dusar ƙanƙara daga Yamai

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasarmu yadda yaro zai hau kanta ya zame. Ko a tsaunukan Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022, ɗari ne kawai ake sha. Saboda haka magidancin da yara suka dame shi da abin da suke gani a waya, sai ya san cewa tafiyar ta jirgi ce, kuma wuri mafi kusa, mafi sauƙin takardu ga mai fasfon Nijar shi ne Maroko. Turkiyya ma tana yiwuwa, tunda akwai jirgin Turkish Airlines daga Yamai zuwa Istanbul, kuma dutsen Uludag da ke saman birnin Bursa ya fi tabbacin ƙanƙara. Sai dai can sai da biza, kuma kuɗin ya fi nauyi. A kan Maroko zan tsaya.

Mataki na farko: zaɓen dutse

Wurare biyu ne aka fi zuwa. Na ɗaya Ukaimedan, kimanin kilomita 75 kudu da Marakesh, a kan manyan tsaunukan Atlas, kusa da Tubkal mai mita 4,167. Filin wasan kansa yana farawa ne daga wajen mita 2,600. Na biyu Ifran, ƙaramin gari da Faransawa suka gina a 1929 a tsakiyar Atlas, mita 1,665 sama da teku, kimanin kilomita 65 daga Fas. Gandun dajin Ifran, wanda aka ware a 2004, shi ya kewaye garin, kuma a cikinsa ne gangaren Mishlifan da na dutsen Habri suke, tafiyar da ba ta wuce rabin awa a mota idan hanya a buɗe take.

Mai ƙananan yara, Ifran zai nufa. Ukaimedan ya fi suna, ya fi kyau a hoto, amma hanyarsa kwana-kwana ce a bakin rami, yaro ya yi ta amai kafin a isa, kuma tsayinsa ya kai inda iska ke fara yi wa baƙo ƙaranci. A Ifran kuwa ana kwana a gari mai asibiti da kantin magani da kasuwa, a hau da hantsi, a sauko da azahar. Kuma Fas tana kusa, abin da zai yi amfani ƙwarai, kamar yadda za mu gani a gaba.

Mataki na biyu: lokaci

Nan ne yawancin shiri ke lalacewa. Hutun lakol na ƙarshen Disamba shi ne ya fi dacewa da iyaye, amma ba shi ne ya fi dacewa da ƙanƙara ba. Ta fi samuwa daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, kuma Maroko ta sha farin shekaru a jere a baya-bayan nan, har akwai hunturun da gangaren ya kwana biyu ƙasa tsirara. Don haka kada a sayi tikitin da ba a iya sauya masa rana. Ƙarin da za a biya don tikiti mai sauyuwa ya fi araha a kan kai yara su tarar da duwatsu da ciyawa. Mako biyu kafin tashi a riƙa duba hasashen hukumar yanayi ta Maroko, a kuma kira masaukin a tambaye su kai tsaye: akwai ƙanƙara a Mishlifan yau? A ce su turo hoton ranar ta WhatsApp.

A guji Asabar da Lahadi. Mutanen Kasablanka da Rabat da Fas da Maknas duk nan suke kwararowa, motoci su toshe hanya, kuɗin haya ya tashi. Haka ma hutun tsakiyar shekara na ƴan makarantarsu, wanda kan faɗo ƙarshen Janairu. Talata ko Laraba, gangaren naku ne.

A kuma duba watan azumi, domin a waɗannan shekarun yana faɗowa cikin sanyi: a 2027 zai kama wajen 8 ga Fabrairu, a 2028 wajen ƙarshen Janairu. Da azumi gidajen abinci a rufe suke da rana. 

Mataki na uku: likita kafin tikiti

Wannan na sa shi gaban takardu da gangan. Idan a gidan akwai mai sikila, to a tsaya nan tukuna. Sanyi mai tsanani, ƙarancin iska a kan tudu, da ƙarancin ruwa a jiki, ukun nan su ne manyan masu tayar da ciwon, kuma tafiyar nan ta haɗa su duka a wuri ɗaya. A kai yaron wajen likitansa, ko cibiyar kula da masu sikila ta ƙasa da ke Yamai, a faɗa masa tsayin wurin da lambobi: kwana a mita 1,665, wasa a wajen mita 2,000. In ya ce a'a, to a'a ce. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa guda biyu, a aljihun ciki, don busasshiyar iska mai sanyi tana ƙuntata ƙirji. Mai ciki da tsoho mai ciwon zuciya su zauna a gari, ba sai sun hau ba. Jaririn da bai fara tafiya ba kuwa ba shi da abin yi a can, goye yake ba ya motsi, sanyi ya fi saurin cin sa.

Mataki na huɗu: takardu da kuɗi

Kowane yaro da fasfonsa, kuma a tabbata akwai sauran aƙalla wata shida a jiki. Mutumin Tawa ya fara wannan da wuri, kada ya bari sai Disamba. Ƴan Nijar suna cikin waɗanda Maroko ta ɗauke wa biza idan ziyarar ba ta wuce kwana 90 ba, amma ƙa'ida tana motsi: lokacin gasar cin kofin Afirka ta 2025 an wajabta musu neman izinin shiga ta intanet na ɗan wani lokaci. A leƙa ofishin jakadancin Maroko a Yamai a ji halin da ake ciki kafin a biya kuɗin jirgi. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko kawu, a riƙe takardar amincewar mahaifi mai hatimin hukuma, da takardun haihuwa. Katin allurar shawara ya shiga jaka ɗaya da fasfo. A buga takardar masauki da tikitin dawowa a kan takarda, don ana iya tambaya a filin jirgi, kuma waya ba ta da alƙawari.

Dirhami ba kuɗin da ake fita da shi waje ba ne, sefa kuma ba ta canjuwa da sauƙi a can. A sayi yuro a Yamai, a canja kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari. Lissafin kai mai sauƙi: dirhami 1 kusan sefa 60, wato dirhami 100 kusan jika 6. A kan dutse babu mai karɓar katin banki, sai tsaba, kuma ƙananan takardu, don mai haya ba ya rasa cewa ba shi da canji. Inshorar tafiya mai ɗaukar kuɗin asibiti a yi ta, a kuma tambaya ko ta haɗa da wasan ƙanƙara, don wasu suna cire shi.

Mataki na biyar: tufafi

A nan zan daɗe, domin tufafi ne ke yanke hukuncin ko yara za su yi awa biyu suna dariya ko minti goma suna kuka. Sanyin da muka sani a Yamai da Tawa, na hunturu, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 14 ko 15 da asuba, kuma busasshe ne. Na Ifran yana sauka ƙasa da sifili kusan kowane dare a Janairu, kuma a nan ne aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifili ranar 11 ga Fabrairu 1935, sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka. Duk mita 1,000 da aka hau, ana rasa kusan digiri 6 da rabi. Amma abin da ya fi cutar baƙo shi ne jiƙa. Ƙanƙara ruwa ce, da ta taɓa ɗumin jiki sai ta narke, tufafi su sha, iska ta bi ta kai.

Saboda haka hawa uku ake sawa. Na jikin fata: riga da dogon wando masu kama jiki, na roba-roba irin na ƴan ƙwallo ko na ulu. Ban da auduga, domin tana shan zufa ta riƙe, sai ta koma tsumma mai sanyi a bayan yaro. Na tsakiya: suwaita mai kauri. Na waje: jaket da wando waɗanda ruwa ba ya ratsawa. Wandon jins shi ne mafi muni, yana jiƙa ya ƙi bushewa. Shadda da atamfa da leshi a bar su a akwati don hoton Fas.

Ba sai an kashe dukiya ba. Dilolin bosho a kasuwar Katako da Wadata suna zuwa da kayan sanyin Turai da babu mai saye, har da wandunan ƙanƙara na yara masu igiyar kafaɗa. A je da yaran a gwada a kan suwaita, a sayi mai ɗan girma. A gwada ruwa a hannun rigar: in ya gangare, ta yi, in ya shige, a ajiye. Safar hannu ta zama mai hana ruwa, biyu-biyu ga kowane yaro, don ta ulu da kaka ta saƙa minti biyar za ta yi. Safar ƙafa ta ulu, guda ɗaya mai kauri, kada a cusa uku har takalmi ya matse, matsi yana hana jini gudu, ƙafa ta ƙara sanyi. Takalmi mai tsawo, mai ƙasa garje-garje. Ana samun hayar takalman roba a bakin gangaren, amma sau da yawa a jiƙe suke daga ƙafar wani, don haka a sa leda tsakanin safa da takalmin. Hula mai rufe kunne dole ce.

Uwargida, dogon hijabi da gyale mai reto haɗari ne a kan abin zamiya, yana iya shiga ƙarƙashi ya shaƙe wuya. A sa ƙaramin hijabi mai kama kai, a tura bakinsa cikin jaket, a ja zif har sama. Doguwar jaket mai kai gwiwa a kan wando mai kauri tana suturta jiki sarai. Maigida ma haka, babbar riga da jelar rawani su huta ranar.

Sai tabarau mai duhu ga kowa. Sabuwar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ido ya yi ja ya riƙa zubar da hawaye da dare. Man kaɗe a leɓe da kumatu da hannu, safe da yamma.

Mataki na shida: hanya da masauki

Daga Tawa a shigo Yamai kwana ɗaya kafin tashi. Kilomita sama da 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso ba tafiyar da ake haɗawa da jirgi rana ɗaya ba ce, balle da yara. Royal Air Maroc yana tashi daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Kasablanka, tafiyar ba ta kai awa huɗu ba. Jaket ɗin kowa ya kasance a jakar hannu, don tun a Kasablanka za a fara jin bambanci. Akwai jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin, ya kai ku tashar Casa-Voyageurs, daga nan a canja zuwa Fas ko Maknas, awa uku zuwa huɗu. Wanda aljihunsa ya yarda ya haɗa tikitinsa har filin jirgin Fas, wanda ke kan hanyar Ifran. Daga Fas akwai motocin safa na kamfanin CTM da manyan tasi masu ɗaukar mutum shida. Iyali su sayi kujerun duka, mota ta zama tasu. A sayi layin waya a filin jirgi, Maroc Telecom, Orange ko inwi.

Kada ka yi hayar mota ka tuƙa da kanka. Gwanintar tuƙi a yashi ba ta aiki a kan kwalta mai daskararren ruwa. Ɗauki direban garin, ku yi ciniki a kan kai da jira da dawowa, a biya bayan an sauko. Idan jandarma sun sauke shingen ƙanƙara sun rufe hanya, ba a roƙo, ba a zagaye.

Masauki tambaya ɗaya ce a kansa kafin farashi: akwai na'urar ɗumama ɗaki, kuma tana aiki dukan dare? Ifran tana da tsada, Azru mai nisan kilomita 17 ta fi sauƙi. Gidan haya mai madafa ya fi wa iyali, a dafa abin da yara suka saba. Amma ga gargaɗi mai nauyi: kada a shigar da garwashi ko kaskon gawayi ɗaki a rufe, kada a kwana da murhun gas a kunne, kuma in tukunyar ɗumama ruwa ta gas tana cikin banɗaki, a bar taga a buɗe. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe iyalai cikin barci duk hunturu. Ciwon kai da jiri da suka kama mutane da yawa lokaci ɗaya a ɗaki, a fita waje nan take.

A ware dare uku a ƙalla. Ranar farko hutu ce da yawo cikin gari, a ɗauki hoto da zakin dutsen da ke tsakiyar Ifran, jiki ya saba da tudu. Ranar biyu wasa. Ta uku ajiya ce, ko don hanya ta rufe, ko don yara sun ce a koma.

Mataki na bakwai: ranar wasa

A Janairu rana ba ta fitowa da wuri, don haka babu gaggawa. A yi karin kumallo mai nauyi, a yi alwala da ruwan ɗumi a masauki, kowa ya zaga banɗaki, domin a sama abin ba daɗi. A fita wajen ƙarfe 10. A jaka: fulas na shayi, ruwan sha, dabino, burodi, safar hannu da ta ƙafa na canji, da cikakken canjin kaya ga kowane yaro, a bar shi a mota. Waya a aljihun ciki, sanyi yana zuƙe batir.

Samari za su tare ku da abin zamiyar, wanda suke kira luj, wasu na roba, wasu na katako ƙirar gida. A yi ciniki kafin yaro ya hau, a fayyace ko kuɗin na awa ne ko na yini, kuma ko ya haɗa da mai jan yaro zuwa sama. A juya shi a duba ƙusa ko tsagewa. Mai igiyar riƙo a gaba ya fi. Leda da buhu da tayar mota ba sa juyuwa ba sa tsayuwa, a bar wa masu ƙarfin hali.

Kafin kowa ya zame, maigida ya taka gangaren da ƙafa daga ƙasa zuwa sama. Abin da ake nema: gangare mai sauƙi, wanda ƙarshensa fili ne mai tsawo, babu itace, babu dutse, babu shinge, babu hanya ko motoci a ƙasa. Inda ƙanƙara ta daskare tana ƙyalli, a kauce, gudu a kanta ba ya da birki. Sannan a fara daga kashi ɗaya cikin uku na tsayin, a ƙara a hankali.

Zama ake yi, fuska gaba, ƙafafu gaba. Ba a kwanciya rub da ciki kai a gaba, domin raunin kai shi ne mafi muni a wasan nan. Hular kwano ta keke, in akwai a gida, a zo da ita. Birki da dunduniya ne: a dasa duka biyu a tsaya, a dasa ta dama a karkata dama. In abin ya ƙwace, a mirgina gefe a bar shi ya tafi. Yaro ƙasa da shekara 5 ya hau tare da babba, yana gaba tsakanin ƙafafunsa. Babba ɗaya a sama yana sallama, ɗaya a ƙasa yana tarba, kuma ba a sakin na biyu sai na farko ya tashi ya kauce. Hawa ta gefe ake yi, ba ta tsakiyar da ake gangarowa ba. Yawancin karon da ake yi, wani ne ya zo daga sama ya kwashe yaron da ya tsaya yana kakkaɓe wando.

Duk rabin awa a tara su, a ba su shayi, a taɓa yatsu da kunne da hanci. Yaro ba zai ce yana jin sanyi ba muddin wasa na daɗi, kuma ba zai nemi ruwa ba, sai an ba shi. A hana su cin ƙanƙarar, za su gwada. Awa biyu ta isa. A sauko tun ana marmari, a sha miyarsu ta harira ko bisara mai zafi a gari, a yi sallar azahar a can.

Idan sanyi ya kama yaro

Rawar ɗari mai ƙarfi ita ce alamar farko: a kai shi mota, a cire jiƙaƙƙun kaya, a sa busassu, a rufe kai, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari. In ya daina rawar alhali jikinsa sanyi ƙalau, yana magana a harɗe ko yana neman barci, zafin jikinsa ya faɗi ƙasa da digiri 35 da nisa, asibiti kai tsaye. Yatsan da ya yi fari ko toka-toka ya mutu da jin taɓi, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta, don ba zai ji ƙuna ba. A sa shi a hammata, ko cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39. Wanda ya bugu a kai ya yi amai ko ya rikice, ko yake kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi. Lambar motar asibiti da ƴan kwana-kwana 15 ce, jandarma 177, ƴan sanda a cikin gari 19.

Idan an je ba a tarar ba

Yana faruwa, shi ya sa tun a gida kada a yi wa yara rantsuwa. A tambayi direba ko akwai saura a wajen dutsen Habri, don inuwar itatuwa tana riƙe ta kwanaki bayan ta narke a gari. In babu, dajin al'ul na Azru yana nan da biransa, a kalle su daga nesa, ba a ba su abinci, suna cizo kuma suna fizge jaka. Sannan Fas: masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa a 859, da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Da yawan gidajen Yamai da Tawa, da wannan ziyarar ce ma za a shawo kan Alhaji ya yarda da tafiyar tun farko. A sa kwana biyun Fas a ƙarshen shiri, yadda in ƙanƙara ta sauka ana can, awa ɗaya da ƴan mintoci ne a mota a koma Ifran.